Tsohon garejinmu na bakin kwalta: otel da shaguna, ko mu dakata?

Ɗan Zango: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara ta kawo ni. Marigayi babanmu ya bar mana tsohon gareji a bakin kwalta, ba nisa da kasuwar Dole a nan Damagaram (Zinder). Yau shekaru ba kowa ciki sai mataccen tipa da awakin maƙwabta. Yayanmu da ke Kano ya ce a rushe, shaguna a ƙasa, otel a sama. Ni motoci ne ke tsorata ni, don da hantsi ko tsallaka hanyar sai ka yi bisimilla. Wanda ya san harkar ya taimaka.

Tsohon direba: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku. Motocin da kake tsoro su ne arzikin wurin. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Maraɗi, ta nan take wucewa Gure da Diffa. Ga ta Tanut da Agadas, ga ta Matamai da Magarya mai sauka Najeriya. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 kuma tankokin mai suka ƙaru a kai. Amma mota mai wucewa ba ta sayen komai, sai wadda ta samu wurin tsayawa. Ku ja ginin baya, ku bar fili a gaba ko da zai ci muku shago biyu. Ku yi ƙofa biyu, ta shiga daban ta fita daban. Ni da na yi shekara talatin a sitiyari, duk inda zan fito da baya in hau kwalta, ba na komawa wurin ko da kyauta ake raba kaya.

Hajiya mai atamfa: Baba ya gama magana. Na taɓa kama shago a wani sabon bene da aka gina har leɓen titi, wata takwas na kwashe kayana. Mace ta zo a adaidaita, kafin ta sauke ƙafa ana ta danna mata oda a baya, sai ta ce wa yaron su wuce gaba. Ga shi yana kallon yamma, bayan la'asar rana har cikin kanta, turamen da na rataye a ƙofa duk suka koɗe gefe guda. Ku yi baranda mai faɗi. Kuma don Allah ƙanena, ban ɗaki na masu shaguna, na mata daban. Masu gini kullum da shi suke mantawa.

Magini: Kafin a zana komai a haƙa a ga ƙasar. Damagaram kan dutse take zaune, wani wurin taku biyu ka ci karo da falalen dutse. Ga tushen bene alheri ne, amma ramin masai da na tankin ruwa nan kuɗi ke tafiya, kuma ruwan sama ba ya nitsewa, gudu yake. Ku tambayi tsofaffin layin inda ruwa ke bi da damina. Kowa ya ga yadda tsohon masallacin Birni ya faɗi a watan Satumba na 2024. Ku ɗaga daɓen shagunan sama da kwalta, ku bar wa magudana hanyarta, kar wani ya ce a toshe a ƙara shago.

Ma'aikacin otel: Ruwan sama kenan, saura na famfo, wanda shi ne ciwon garin nan tun kakanni. Daga nesa ake turo shi, su Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma da bazara kowa ya san labarin. A inda nake aiki, baƙo zai yafe maka tsohuwar katifa, ba zai yafe maka ya murɗa famfo da asuba ya ji iska ba. Na sha ɗaukar bokiti in hau bene da jarkokin ƴan ga-ruwa. Babban tanki a ƙasa, wani a sama, sannan a ƙirga ɗakuna daidai da ruwan. Wuta ma haka, mun ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke layi a Agustan 2023. Ku bar rufin a shimfiɗe don sola. Ɗakunan kwana su kalli baya, gaba a ba wa zauren taro da wurin cin abinci, su ba ruwansu da ƙarar tirela.

Alhaji mai kanti: Ni fa otel ɗin ne ban yarda da shi ba. Lokacin Zinder Sabuwa, bikin ranar jamhuriya da aka yi a garin nan ranar 18 ga Disamba na 2018, gari ya cika har ana neman wurin shimfiɗa tabarma. Da aka watse fa? Ɗan kasuwar da ya zo daga Kano ko Agadas gidan maigidansa yake sauka a Zango, haka muka tarar. Shago kuwa ko ya yi ciniki ko bai yi ba, wata ya ƙare ka karɓi haya. Ku zuba tushen da zai ɗauki bene, ku gama ƙasa, ku tsaya.

Ma'aikacin otel: Alhaji ku yi haƙuri, zamani ya ɗan juya. Masu taron bita, malaman da ke zuwa jami'ar André Salifou, ƴan rakiyar amarya, duk ɗaki mai tsabta suke nema. Amma na yarda a fara da kaɗan.

Malamin unguwa: An raba gadon kuwa? Ban ji an ambaci mata ba, ban ji ƙanne mata ba. Ku zauna a fitar wa kowa da rabonsa a rubuce, wanda ya so ya shiga da nasa ya shiga. Sai takardar mallaka, sai izinin gini daga ofishin magajin gari. Sannan ku je wurin mai unguwa da maƙwabta da ƙafarku, don kalmar otel tana da nauyi a kunnen mutanenmu. Ku ce masaukin baƙi, ku kuma riƙe shi a haka.

Ɗan kabu-kabu: Kowa ya yi ta masu mota, to mu fa? Mu muke kawo rabin masu sayayya. In ba ku ware mana gefe da ƴar inuwa ba, a bakin ƙofarku za mu jeru, maigadi ya yi ta faɗa. Mai shayi da mai faci da ke jikin katangar ma a san yadda za a yi da su.

Ɗan Zango: Malam kun taɓo inda ke ciwo, ba a raba ba, kuma ƙanne mata uku gare mu. Daren nan zan kira Yaya. Mai shayin nan tun babanmu na da rai yake wurin, ba mai tayar da shi. Baba direba, ko za ku daure ku zo ku nuna mini inda ƙofofin za su zauna?

Tsohon direba: Alhamis, ranar kasuwa, da hantsi. Ka tanadi benci da igiyar awo, ka ce wa mai shayin ya rage sukari a nawa.