Neman kalma: me za mu kira "juri" kafin ƙarfe takwas?

Mai Fassara: Salamu alaikum, malamai. Ƙarfe takwas zan gabatar da shiri kan shari'ar mutum uku da aka kama da kisan Ahmaud Arbery a jihar Jojiya ta Amurka. Mutum 12 daga cikin jama'ar gari ne suka saurari ƙarar a shari'a ɗaya a Nuwamban 2021, amma kowa da nasa sakamakon. Travis McMichael da ya yi harbin an same shi da duk tuhume-tuhume 9, mahaifinsa Gregory da 8, William Bryan da 6. Wane suna zan ba mutanen nan 12?

Bakatsine: "Masu taimaka wa alƙali" mana. Da shi kunnen mai sauraro ya saba.

Mai Fassara: Shi ne damuwata, malam. Ba taimako suka yi ba. Su ne suka auna hujjar da ke kan kowanne, suka ce wannan ya aikata, wancan bai aikata wannan ba. Alƙali Timothy Walmsley sai a Janairun 2022 ya yanke ɗauri, har ya bar wa Bryan ƙofar neman sassauci bayan shekara 30.

Tsohon Edita: Muna da "muhuti" tun zamanin kotunan alƙalai. Ku ce "muhutai". Shekaru nake faɗa, ba a ji.

'Yar Damagaram: Baba, muhuti malami ne, shawara yake bai wa alƙali. Waɗannan kuwa mutanen gari ne kawai. Mu nan "juri" muke ji a Faransanci. A ara kawai.

Tsohon Edita: Aro, aro! Harshen da aka yi shari'a da shi kafin zuwan Turawa shi ne zai rasa kalma? Kasala ce ta 'yan jaridar yanzu.

'Yar Damagaram: To "alƙali" da "muhuti" daga ina suka zo in ba Larabci ba? Aron gabas halal ne, na yamma haram?

Tsohon Edita: Waccan ta zauna, ta yi jikoki. Kada ki haɗa.

Bakatsine: Ku bar yarinya ta gama aikinta. "Masu tantance laifi" fa? Ya nuna aikinsu, kuma za ki iya cewa sun tantance laifin kowa daban, ba su yi musu kuɗin goro ba. Ki ajiye "hukunci" ga alƙali.

Mai Fassara: Wannan ya zauna a baki. A farkon shiri zan ce "juri, wato mutanen gari masu tantance laifi", daga nan in ci gaba da na Hausar. Na gode.

Tsohon Edita: Kalma uku a wurin ɗaya. Ki yi da shi yau tunda lokaci ya ƙure, amma ban janye "muhutai" ba.