Murjajjen dankalin turawa: yaya ake yinsa ya yi laushi, ba gudaji ba danƙo?

Maman Hanifa, Mabera

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman taimakon waɗanda suka iya girki. An cire wa Inna, mahaifiyar maigidana, haƙora, likita kuma ya ce ta daure da abinci mai laushi har dasashin ya warke. Kunu da koko sun gundure ta, da ta ga kofi sai ta kau da kai. Abin da ta ambata da bakinta shi ne dankalin turawan nan da ake murjewa da madara, wanda ta taɓa ci gidan ɗiyarta a Abuja.

Idan na murje shi da cokali mai yatsu sai gudaji su yi yawa, ga shi ba ta iya taunawa. Idan na zuba shi a bilanda gudajin kan ɓace, amma sai ya yi danƙo yana bin cokali, tana kai loma ɗaya ta ajiye. Tsohuwar nan har ta rame, abin yana damuna ƙwarai. Laifin dankalin ne ko na hannuna? A Kasuwar Daji nake saye. Kuma wace madara ce ta dace?

Hajiya Inno, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi ba Inna lahiya, ke kuma shi saka maki da alheri. Ki aje bilandan nan, ita ce ta ɓata maki aiki. Dankali cike yake da sitaci, in ya dahu sitacin kan kumbura cikin ƙananan ƙwayoyinsa. In anka murje shi a hankali ƙwayoyin rabuwa kawai suke yi, sai ya tashi sakayau. In kuwa wuƙar inji ta sassare su, ko anka kirɓa a turmi, sai su fashe, sitacin ya fito ya kama juna. Abin da muke nema ga sakwara ke nan, shi ya sa muke kirɓa doya har ta yi danƙo. Nan kuwa akasinsa ake so, don haka kada turmi ko inji su kusance shi.

Ga yadda nake yi. Ki fere dankali kamar kilo 1, ki yanka kowane gida biyu ko huɗu, girmansu ya zo ɗaya. Kada ki yi masa ƙanana ƙwarai, ruwa zai sha. Ki zuba shi cikin ruwan sanyi da gishiri sannan ki aza tukunya. Wannan wurin ne gudaji ke samo asali: wanda ya jefa dankali cikin tafasasshen ruwa, bayansa zai dahu ya fara narkewa alhali cikinsa da sauran tauri, kuma wannan taurin ba abin da zai murje shi daga baya. In ya tafasa ki rage wuta, ki ba shi minti 15 zuwa 20. Ki soka wuƙa, in ta shige ta fito ba ta riƙe komai ba, ya yi.

Ki tsiyaye ruwan tas, ki mayar da dankalin cikin tukunyar bisa wuta kaɗan na minti ɗaya ko biyu, kina girgizawa, har tururi ya fita ki ga bayansa ya yi fari-fari. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai abin ya zo masu tsululu.

Sannan ki ɗauko rariyar ƙarfe mai tsabta ki aza bisa kwano, ki riƙa sa dankalin kaɗan-kaɗan kina dannawa da bayan ludayi yana fita ta ƙasa. Da zafinsa fa, in ya huce ba ya bin rariya. Akwai gajiyar hannu, amma ga mai ciwon dasashi ba hanyar da ta kai ta, ko ƙwaya ɗaya ba za ki samu ba. Mai ake fara sawa kafin madara, bota kamar cokali 5 ko 6 na cin abinci, ki juya ya narke ya bi jikin dankalin. Sai madara mai ɗumi kamar kofi ɗaya, kina zubawa kaɗan kina juyawa da muciya a hankali. Juyawa na ce, ba tuƙi ba. Da ya yi laushin da kike so ki tsaya, ko da madarar ta rage.

Abu Sadiq, Arkilla

Maman Hanifa, Allah ya ba da lafiya. Bayanin Hajiya ya wadatar, ni kan dankalin zan ƙara, don na yi shekaru ina harkar kayan gwari. Mafi yawan wanda muke samu a nan daga Filato yake zuwa, wajajen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda ake da sanyi. Kafin ya iso Sakkwato ya sha hanya, ga zafinmu da kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, sai ya yi saurin yaushi da tsiro. Ki zaɓi manya masu tauri da nauyi a hannu, fatarsu a miƙe. Ƙananan nan sabbin haƙa masu fata tana saluɓewa ruwa ya yi masu yawa, sun fi dacewa da fate.

Wanda ya yi kore ko ya fitar da tsiro ki yi hattara da shi. Koren alama ce ta cewa ya sha haske, kuma wani sinadari mai ɗaci da ke ɓata ciki ya taru a wurin, dafuwa ba ta kashe shi. In kaɗan ne ki yanke wurin da zurfi, in ya yi yawa ki zubar. A gida kuma ki cire shi daga leda, ki shanya a kwando cikin inuwa, nesa da albasa.

Ummu Khalil, Gawon Nama

Anti Hajiya, ki yi mini haƙuri, a wajen bota ne na ɗan saɓa maki. Tsohuwar da ta tashi da man shanu, shi bakinta ya sani, kuma ga shi nan muna samu mai kyau wurin Fulani. Ki soya shi da albasa ki tace, Maman Hanifa, cokali 3 ya isa kilo guda tunda shi zallan mai ne, sai ki ɗan ƙara madara. Kakata da wannan ƙamshin kaɗai take cinye kwanonta. Madarar gari ma tana yi, ki dama cokali 3 a kofin ruwan ɗumi. Ta gwangwani marar sukari ki sirka ta da ruwa. Mai kaurin nan mai zaƙi ce dai ba ta shiga. In kuma Inna tana da ciwon sukari ki tambayi likitanta yawan da za ta ci, domin murjajjen dankali yana saurin ɗaga sukarin jini.

Maman Hanifa, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ba ta da ciwon sukari, alhamdu lillahi. Na bi ta rariya da man shanu, ta ci har ta nemi ƙari da romon kaza. Saura tambaya ɗaya, Hajiya: zan iya yi da yawa da safe in ajiye mata na dare? Wutarmu ba ta zama.

Hajiya Inno, Runjin Sambo

A'a ɗiyata, abin da anka sa ma madara ba ya jure zafin garin nan. In ba firji mai sanyi, kada ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a aje. Ki riƙa yin daidai cinta, manya guda uku sun ishe ta. In akwai wuta kin sa a firji, ki ɗumama shi bisa wuta kaɗan da 'yar madara har ya yi zafi sosai, sannan ki bari ya huce kafin ki ba ta saboda dasashin.