Musayar baitoci kan tukkun fengwin

Ɗan Agege:
Na ga hoton wani tsuntsu jiya da dare,
Fengwin mai tukku, gashi rawaya a jere,
Baki ja, ido ja, ƙirji fari a share,
Ba ya tashi sama, a iyo ya ƙware.

Mai Albasa na Mile 12:
Ɗan Agege, hoto kaɗai ka sani,
Gaurakan fadama ya fi shi kyan gani,
Ka tsallake na gida ka tafi ƙasar wani,
Kana yabon wanda bai san zafin rani.

Ɗan Agege:
Mai Albasa, idonka ya sha yaji,
Shi ya sa ba ka gani kuma ba ka ji,
Tukkun nan yana kan mace da namiji,
Ya kaɗa kai da kuka, ta zaɓi miji.

Hajiyar Obalende:
Allah ya ƙara basira, ɗana! Agege ta yi magana. Kuma rawayar nan ba daga abinci take ba, jikinsa ne ke haɗa ta. Ɗan tsakonsa ma babu tukku yake fitowa, sai ya girma.

Malam na Idi-Araba:
Hajiya, a yi adalci. Ɗangonsa na biyu a baitin farko ya zarce sauran tsawo. Karin ya karye.

Hajiyar Obalende:
Malam, ka rera shi da murya ka ji. "Bai san zafin rani" fa, ina "ba" ɗin ƙarshe? Wannan ba ka gani ba?

Malam na Idi-Araba:
Waƙa ta yarda a sare "ba" don amsa-amo. Ƙarin gaɓa ne ba ta yarda ba.

Mai Albasa:
Malam ya yi hukunci, sai haƙuri,
Mai ɗingishi ba ya shiga tseren sauri.

Ɗan Agege:
Ƙwar biyu ka kawo don huɗu ta gagara,
Je ka auna albasa, rana ta fara.

Direban Apapa:
Cunkoso ya riƙe ni, yanzu na iso.
Kuna ta faɗan kari kun bar tsuntsun baya,
Ƙwai biyu take sakawa, ba guda ɗaya,
Na farko ƙarami, da wuya ya rayu a duniya,
Na biyu babba, shi iyaye ke riƙewa.

Malam na Idi-Araba:
"Riƙewa" ba ta amsa "baya" ba, direba.

Hajiyar Obalende:
Malam, saura naka baitin. Ka yi mana a kan wanda ke hayayyafa a tsibirin Makwari, kudu da Ostareliya, mai farar fuska. Muna jira.