Sulke mai nauyi ko marar nauyi: wanne ya kamata in sa wa rundunata?

Sarkin Baka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina buga wani wasan dabarun yaƙi na almara a kwamfuta, irin wanda ake yi bi da bi, kuma na kai matakin da maƙerin birni yake ba ni zaɓi tsakanin lifidi, da rigar fata mai tauri, da sulken zobba, da rigar farantan ƙarfe. Zinariyar da ke baitulmalina ba za ta isa in sa wa kowa ƙarfe ba. Shin in tara ta a kan barade kaɗan masu farantai, ko kuwa in raba wa dakaru da yawa fata da lifidi su riƙe saurinsu? Ina neman dalili, domin in san yadda zan yi hukunci a gaba da kaina.

Mai Garkuwa:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka kashe ko ƙwandala, duba yadda wasan yake lissafin kariya, domin hanyoyi biyu ne suka fi yawa, kuma amsar tambayarka tana rataye a kansu. A wasu wasannin sulke yana cire adadi tsayayye daga kowane sara, a wasu kuma yana cire kaso ne cikin ɗari.

Ɗauki na farko. A ce farantai suna cire maki 5, lifidi yana cire 1. Kibiya mai illar maki 7 za ta bar wa mai farantai 2 kacal, ta bar wa mai lifidi 6, wato ninki uku ke nan. Amma gudumar ƙato mai maki 25 za ta bar wa na farko 20, na biyu 24, kuma wannan bambancin bai kai kuɗin da ka zuba ba. Saboda haka a irin wannan tsari ƙarfe yana cin kuɗinsa ne idan abokan gaba taro ne na ƙananan mayaƙa masu yawan sara marar ƙarfi, yana kuma zama asara idan dodanni ne masu duka ɗaya mai kisa. Idan kuwa kaso ake cirewa, rigar da ta rage rabin illa ta ninka rayuwar sojanka a gaban kowane makami, babba ko ƙarami.

Uwar Dabara:
Bayanin Malam Mai Garkuwa ya yi daidai, sai dai akwai batun ƙasar da za a taka. Masu tsara wasannin nan daga tarihi suka ɗauko hukuncin gajiya da jinkiri, ko da yake sukan zuzuta shi. Cikakkiyar rigar farantai ta Turai a ƙarni na 15 takan kai kilo 20 zuwa 25, amma nauyin a rarrabe yake a jiki, har mai ita yana iya gudu da hawan doki da kansa, alhali sulken zobba yawancin nauyinsa a kafaɗa yake sauka in ba a ɗaure shi da ɗamara ba. Matsalar ƙarfe ita ce zafi da ƙarewar numfashi a doguwar tafiya. A yaƙin Ajinkur da aka yi a arewacin Faransa a 1415, mayaƙan Faransa masu sulke sun ratsa gonar da aka huɗe, ruwan sama ya mai da ita taɓo, suka isa gaban mutanen Ingila a jigace, 'yan baka marasa nauyi suka ajiye bakunansu suka auka musu da gatura da guduma.

Don haka ka dubi taswirarka. Idan fadama ce da daji da tuddai, sojan da ke tafiya gida 5 na taswirar a kowane zagayen wasa zai riga mai gida 3 kama tudu, kuma shi ne zai zaɓi inda za a gwabza.

Barde Mai Kwalkwali:
Hajiya, ina da ja kaɗan. Kariyar marar nauyi a yawancin wasanni kaucewa ce, kaucewa kuwa sa'a ce: yau kibiya uku su wuce shi, gobe biyu su same shi a jere ya faɗi, ka rasa sojan da ka daɗe kana horarwa. Mai farantai kana iya lissafa tun kafin yaƙi sara nawa zai ɗauka. Ka tsayar da irinsu uku a bakin gada ko ƙofar ganuwa, inda ba a buƙatar gudu, 'yan bakanka na bayansu sanye da lifidi, za ka ga rundunar abokan gaba guda ta tsaya cik. Abin da nake tsoro kawai shi ne matsafa, domin wuta da tsawa sau da yawa ba sa kula da ƙarfe, kuma sojan da ba ya sauri ba zai fita daga da'irar tsafin a kan lokaci ba.

Sarkin Baka:
Na gode muku duka. Na duba, wasan nawa adadi tsayayye yake cirewa, abokan gaba na yanzu kuma 'yan baka ne masu yawa. Sai dai akwai rigar fatar dodo guda ɗaya, mai kariyar sulken zobba da nauyin lifidi. Wa ya fi dacewa da ita?

Mai Garkuwa:
To, sayi farantai wa sahun gaba, tunda kibiyoyi za su sha. Fatar dodo kuwa kada ka ba mai tsaron gada, domin sauƙin nauyinta ba zai amfane shi da komai ba. Ka ba mahayin da kake turawa ya zagaya ta gefe ya kai ga 'yan bakan da matsafansu, saboda shi kaɗai ne yake buƙatar sauri da kariya a zagaye ɗaya.