Jeton ɗin azurfa na Biritaniyar Faransa: na asali ne ko sabon bugu?

Assalamu alaikum, masana. Don Allah a duba mini wannan jeton, wato ɗan kwano mai kama da tsabar kuɗi amma ba na kashewa ba, irin wanda majalisar lardin Bretagne (Biritaniyar Faransa) ta riƙa raba wa wakilanta a da. Gaba hoton kan Sarki Louis na 15 ne, baya tambarin lardin da shekarar 1756. Faɗinsa milimita 29, nauyinsa giram 6.7, maganaɗisu bai kama shi ba.

Gefensa ne ya ɗaure mini kai. Tun 1832 gidan buga kuɗi na Paris yake sa hatimi a gefen abin da ya sake bugawa: hannu mai nuni daga 1845 zuwa 1860, ƙudan zuma har 1879, ƙaho daga 1880, galibi tare da kalmar ARGENT, wato azurfa da Faransanci. Nawa gefensa sumul yake, babu rubutu, sai wani ɗan rami da tabarau mai ninki 10 ya kasa fayyacewa. Kamar an goge wurin da zarto.

In na juya shi hagu zuwa dama, bayan yana nan tsaye, bai kife ba. Shin wannan kaɗai ya isa a ce sabon bugu ne? Kuma ta yaya ake gane hatimin da aka kankare ba tare da taɓa azurfar da sinadari ba?