Yaya ake samun amon jitar Agadas?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jitar lantarki a bukukuwa a nan Sakkwato, ina son amon nan mai kaifi na makaɗan Agadas, amma amfilifayata a dushe take fitar da sauti. Wane fedal zan saya, wato na'urar nan ta sauya sautin jita da ake takawa da ƙafa?

Amsa ta farko: Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Kafin ka kashe kuɗi, rage bas (sauti mai kauri) a amfilifayar, ka ƙara tirebul (sauti mai kaifi), sannan ka kaɗa da yatsa daf da gindin tsirkiya, domin a nan kaifin yake, musamman a jita irin Stratocaster.

Amsa ta biyu: Malam ya yi gaskiya, sai dai ɗan kaushin nan na amon Agadas yana bukatar fedal mai suna Boss SD-1, a murɗa shi kaɗan kawai, kuma a jona shi kafin fedal mai maimaita sauti.

Amsa ta uku: Idan da janareto kuke aiki, sa wa fedal ɗin batir mai bolt 9, gurnanin da wutar janareto ke jawowa zai ragu.