Me ya sa rula ta roba take yin fari kafin ta karye?

Dalibin_Fiziks: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wani abu ya tsaya min a rai, jiya ina lanƙwasa rula irin mai garau ɗin nan sai na ga wajen ya yi fari fat kamar an goga alli kafin ta ɓalle, alhali malaminmu ya ce irin wannan robar a daskare take kamar gilashi, ƙwayoyinta ba sa motsi. To in ba sa motsi farin nan daga ina?

Malam_Folima: Wa alaikumus salam ɗalibi. Suna motsi, a hankali ne ƙwarai. Robar nan dogayen sarƙoƙi ne a harɗe kamar zaren da ya cukurkuɗe, kuma folisitarin, wato robar da ake yin irin rular nan da ita, sai zafi ya kai wajen digiri 100 kafin ta saki jiki. Da ka lanƙwasa, bayan rular ne ke miƙewa, sai ƙananan ramuka su buɗe, sarƙoƙin su zaro su zama siraran zaruruwa da suka gitta ramukan suna riƙe gefe da gefe. Haske ne ke watsewa a ramukan, shi ne farin da ka gani. Lokacin ba ta tsage ba tukuna, sai zaruruwan sun tsinke.

Yar_Lab: Malam bari in ɗora kaɗan, wlh wannan ɓangaren ne ya fi burge ni. Jan da kake yi shi kansa yana sa gaɓoɓin sarƙar su riƙa sauya wuri da sauri kamar an ɗumama su, tun 1936 masanin kimiyya Henry Eyring ya kawo cewa ƙarfin ja na rage shingen da ƙwaya za ta tsallake kafin ta sauya wuri. A 2009 rukunin Mark Ediger a jami'ar Wisconsin ta Amurka suka auna abin kai tsaye, suka zuba ƙwayoyin rini a cikin wata roba mai garau da ake kira PMMA suna bin juyawarsu ana cikin jan robar, motsin ya ninka har kusan sau 1000.

Dalibin_Fiziks: Na gode ƙwarai. Amma ya aka yi gilashin kariyar ido ba ya yin haka?

Malam_Folima: Wancan galibi folikabonet ne, wani nau'in roba daban, sarƙoƙinsa sun fi sarƙewa da juna, so ramin bai cika samun damar buɗewa ba, sai sassan su zame kan juna ya lotsa ko ya miƙe. In ka ɗumama shi ya haura digiri 147 za ka ga ya koma kusan yadda yake da.